Shin Ko Kun San? Gidan Wasan Rumawa a Bakin Hanyar Ayari

Shin ko kun san cewa Baturen farko da ya shigo Yola ya rubuta labarinta, sai da ya ratsa kufan Rumawa kafin ya iso mana? Heinrich Barth ne, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus ta Libiya a watan Maris na 1850, ya biyo hanyar fatake ta Murzuk da Gat da Agadas da Katsina da Kano, ya yada zango a Kukawa, sannan ya haye Binuwai ya shigo Yola ranar 20 ga Yuni 1851, shekara goma kacal bayan Modibbo Adama ya kafa garin. Lamiɗo Lawal bai ji daɗin takardun da 'yan rakiyarsa suka zo da su daga Borno ba, don haka kwana huɗu ya yi aka sallame shi. Tun kafin ya bar bakin teku ya zaga kufan Labda, garin da Rumawa ke kira Leptis Magna, a lokacin yashi ya binne mafi yawansa. A Fazzan kuma ya zana wani kabarin dutse kusa da Jarma, wanda shi ne ginin Rumawa na ƙarshe da ya gani yana yin kudu.

Su Rumawan ba su iso nan ba. Wanda ya fi nisa a cikinsu, wani Julius Maternus, ya tashi daga Labda wajen shekara ta 90 Miladiyya, ya bi sarkin mutanen Jarma tafiyar wata huɗu zuwa wata ƙasa mai suna Agisymba inda karkanda ke taruwa. Wasu masana na ɗora wannan ƙasa a yankin Tafkin Chadi.

Shin ko kun san garuruwa uku ne suka yi suna a wannan gaɓa ta Libiya? Labda a gabas, Oea a tsakiya, wadda ita ce Tarabulus ta yau, sai Sabrata a yamma, kimanin kilomita 70 daga Tarabulus. Finikiyawa 'yan kasuwa ne suka kafa su tun kafin Rum ta zama wani abu. A Ostiya, tashar jiragen ruwan birnin Rum, akwai wani fili da 'yan kasuwar garuruwa dabam-dabam ke da ofisoshi, kowa da tambarinsa shimfiɗe a ƙasa da ƙananan duwatsu baƙaƙe da farare. Tambarin mutanen Sabrata giwa ce, har yau tana nan. Haure na cikin hajar da suka yi fice da ita. Bayan fiye da shekara 1,600, a zamanin Lamiɗo Lawal, hauren giwar ƙasar Adamawa ne fatake Hausawa ke kaiwa Kano, Larabawan Gadamas su saye, raƙuma su kai shi wannan gaɓar dai.

To, a Sabrata ɗin ne gidan wasan kwaikwayon da nake son mu tsaya a kansa yake.

Shin ko kun san yana ɗaukar mutum kusan 5,000 a zaune? An gina shi a ƙarshen ƙarni na biyu Miladiyya, faɗinsa ya haura mita 90. Siffarsa kamar ƙwaryar da aka tsaga biyu, kujerun dutse sahu-sahu suna hawa sama, kowane sahu ya ɗara na gabansa, ta yadda kan wani ba ya tare wa wani gani. Girkawa, waɗanda Rumawa suka koyi sana'ar a wurinsu, gefen tsauni suke nema su sassaƙa kujeru a jikinsa. Magina Rumawa ba sa jiran tsauni. A fili suke ɗora bakan gizo bisa bakan gizo har ginin ya ɗauki nauyin jama'a, ƙarƙashin kujerun kuma lunguna ne da matakala, ta yadda dubban mutane za su shiga su fita ba turmutsitsi. Haka aka yi na Sabrata.

Abin da ke tsayar da baƙo cak shi ne bangon da ke bayan dandamali. Hawa uku ne, tsayinsa ya wuce mita 20, an jera masa ginshiƙan marmara wajen ɗari, masu launi iri-iri, wasu sumul, wasu da zane a jiki, hawa na sama ƙanana sun fi na ƙasa siranta. Ƙofofi uku ne a jikinsa inda 'yan wasa ke fitowa. Mai kallo yana fuskantar arewa, don haka ta tsakanin ginshiƙan yana hango shuɗin Bahar Rum. A gaban dandamalin an sassaƙa hotuna a marmara: 'yan wasa cikin fuskokin aro, malamai suna muhawara, da wasu mata biyu suna musafaha a tsakiyar sojoji, ɗaya Rum ce, ɗaya Sabrata. Wannan hoto na ƙarshe siyasa ce tsagwaronta, an kafa shi inda duk mai kallo zai gan shi ko yana so ko ba ya so.

Shin ko kun san ba lasifika, ba wuta, amma na can ƙololuwa yana jin maganar ɗan wasa? Dogon bangon nan shi ke mayar da murya wajen jama'a, rufin katako da ke karkace bisa dandamali ya hana ta tserewa sama, tsayuwar kujerun kuma ta sa sauti ya tarar da kowane sahu ba shamaki. Wani magini mai suna Vitruvius, na zamanin Sarki Agustus, ya rubuta har da dabarar kifa tukwanen tagulla a ramuka ƙarƙashin kujeru don su ƙara wa murya amo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan taro a Dandalin Ribadu da ke Jimeta, janareta ya ɗauke, mai jawabi ya koma motsa baki kawai, zai gane darajar wannan ilimi.

Labulensu kuwa ƙasa yake yi. In za a fara wasa sai a sauke shi ya shige wani dogon rami a gaban dandamali, in an gama a jawo shi sama. Da rana ake wasa, shi ya sa ake kafa sanduna a saman bangon waje a ja wata ƙatuwar rumfar zane da igiyoyi ta inuwantar da jama'a. A manyan bukukuwan birnin Rum har ruwan za'afaran ake fesawa don sanyi da ƙamshi.

Shin ko kun san ba a biyan kuɗin shiga, amma ba ka zama inda ka ga dama? Attajiri ko mai neman muƙami shi ke ɗaukar nauyin biki, jama'a su shiga kyauta. Wurin zama kuwa doka ce ta raba shi. Manyan gari suna ƙasa dab da dandamali, a kan kujerun da ake ɗauko musu daga gida. A Sabrata faffaɗan matakalar da ake jera waɗannan kujeru suna nan, da ɗan bangon da ya raba su da sauran jama'a, an sassaƙa kifin dolfin a kowane ƙarshensa. A birnin Rum wata doka ta shekara ta 67 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta keɓe sahu 14 na farko ga masu hannu da shuni. Agustus ya zo ya ƙara tsanantawa: sojoji daban, magidanta daban, yara da malamansu daban, mata a can sama, wanda kuma bai sa farar riga ba bai isa ya zauna a tsakiya ba. Da kallo ɗaya za ka san matsayin kowa a gari.

Yanzu ga wanda ya fi burge ni a duk labarin nan. Shin ko kun san gidan wasan Labda, wanda ya girmi na Sabrata da kusan shekara 200, ba sarkin Rum ne ya gina shi ba? Ɗan gari ne, sunansa Annobal Tapapius Rufus, ya gama shi tsakanin shekara ta 1 da ta 2 Miladiyya. Tun kafin nan, shi ya gina wa garin kasuwa. Rubutun da ke bisa ƙofar gidan wasan yana nan ana karantawa, cikin harshe biyu: Latin na masu mulki, da Finikiyanci na iyayensa, harshen da ke da dangantaka da Larabci. Rubutun ya bayyana shi a matsayin mai ƙawata ƙasarsa, mai son zaman lafiya, ya kuma faɗi ƙarara cewa da kuɗin aljihunsa ya yi aikin. Ba shakka yana neman suna da fada a wurin Rumawa. Amma mutumin da ya sami dukiya a gari, ya mayar da ita kasuwa da wurin taron jama'a, ya kuma ƙi barin harshen gidansu a waje, ni ina ganin girmansa. Shekara dubu biyu ke nan ana ambaton sunansa saboda abin da ya bari a tsaye. Wannan gari na Labda shi ya haifi Septimius Severus a shekara ta 145, wanda ya mulki daular Rum baki ɗaya daga 193 zuwa 211, ya rasu a York ta Ingila.

Shin ko kun san dattawan Rum da farko ƙin gidan wasa na dutse suka yi? Na katako ake kafawa lokacin biki, a gama a kwance. An taɓa fara na dutse, majalisar dattawa ta sa aka rushe, a kan cewa zai lalata tarbiyya ya koya wa mutane zaman banza. Sai bayan kimanin shekara ɗari, a ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), jarumin yaƙi Pompey ya yi musu dabara: ya ɗora ɗakin bautar wata gunkiyarsu a saman kujerun, ya ce ai matakalar wurin ibada ya gina. A wani zaure da ke haɗe da wannan gini ne aka daddaɓa wa Yuliyus Kaisar wuƙa har lahira, ranar 15 ga Maris na shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ana son wasa, ana raina mai yinsa. A dokar Rum ɗan wasa ba shi da cikakken mutunci, ba ya riƙe muƙami, ɗan majalisa ba ya auren 'yar wasa. Da yawansu bayi ne ko 'yantattu. Ɗaya daga cikin manyan marubutan wasan barkwancinsu, Terence, a Kartaj ta Tunisiyar yau aka haife shi, bawa aka kai shi Rum, ya bar wasanni shida da ake karantawa har gobe. A zamanin da aka gina na Sabrata kuwa, abin da ya fi tashe shi ne ɗan rawa guda ɗaya da fuskar aro, ba ya magana, jiki kawai ke ba da labari, mawaƙa da makaɗa na biye da shi, sai kuma gajerun wasannin ban dariya masu yawan batsa inda mata ke fitowa. Malaman addinin Kirista sun yi ta suka. Tertullian, shi ma ɗan Kartaj, ya rubuta littafi sukutum wajen shekara ta 200 yana hana mabiyansa zuwa kallo. Muhawarar da muke ji yau tsakanin malamai da 'yan fim tsohuwa ce ƙwarai, haka ma halin nan na tafa wa mai nishaɗantar da mu da rana, mu hana shi 'yarmu da dare, wanda makaɗa da 'yan kama na ƙasar Hausa suka daɗe da sani. Sai da aka sauya doka kafin Justinian ya auri Theodora, tsohuwar 'yar wasa, ta zama sarauniyar Rumawan gabas daga 527 har rasuwarta a 548.

A kula, gidan wasan kwaikwayo daban, filin zubar da jini daban. Wanda ake haɗa mutum da mutum ko mutum da zaki zagayayye ne ruf, mai siffar ƙwai, irin Kolosiyam na Rum da aka buɗe a shekara ta 80, ko na Al-Jam a Tunisiya mai ɗaukar kusan mutum 35,000. Sabrata da Labda kowanne na da nasa a gefen gari.

Shin ko kun san an taɓa yin shari'ar asiri a Sabrata? Wajen shekara ta 158, wani malamin falsafa mai suna Apuleius, ɗan ƙasar Aljeriyar yau, ya auri wata attajira mai suna Pudentilla a Oea, uwar abokinsa, wadda ta daɗe da rasa miji kuma ta girme shi. Dangin marigayin suka kai ƙara gaban gwamna, suka ce sammu ya yi mata don dukiya. Cikin hujjojinsu har da cewa ya sa an nemo masa wasu kifaye, kuma yana da madubi. Shi ya kare kansa da bakinsa, jawabin na nan a rubuce, daga baya kuma ya ci gaba da rayuwarsa a Kartaj, yana cika gidan wasan garin da masu zuwa jin laccarsa.

Me ya kayar da gidan wasan Sabrata? Dutsen Sabrata dutsen yashi ne mai taushi, yaɓen farar ƙasa ke kare shi, da yaɓen ya zube iskar teku sai ta shiga cinsa. Girgizar ƙasar 21 ga Yuli 365, wadda ta taso daga wajen tsibirin Kirit ta tura igiyar ruwa har cikin Iskandariya, ta zo a shekarun da mahara daga hamada ke addabar yankin. Garin bai sake komawa yadda yake ba. Da sojojin Justinian suka karɓe yankin bayan 533, ƙaramar ganuwa suka zagaye kusa da tashar jiragen ruwa, suka kwashi duwatsun tsofaffin gine-gine suka yi aikin. A shekara ta 643 Amru ɗan Asi ya ci Tarabulus, dawakinsa suka yi sammako suka tarar da mutanen Sabrata sun buɗe ƙofa don fitar da dabbobi kiwo. Sannu a hankali ciniki ya koma Tarabulus, yashi ya rufe sauran.

Yashin ma ya fi mutane amana. Shin ko kun san a ƙarshen ƙarni na 17 jakadan Faransa a Tarabulus, Claude Lemaire, ya loda ɗaruruwan ginshiƙan Labda a jirgi zuwa ƙasarsu don gine-ginen Sarki Louis na 14? A 1816 kuma Yusuf Karamanli, mai mulkin Tarabulus, ya ba Ingila kyautar wasu. A shekarun 1820 aka kafa su a lambun sarki a Virginia Water kusa da Windsor, aka shirya su su yi kama da kufai don ado. Suna can har yanzu.

Shin ko kun san bangon nan na Sabrata mai hawa uku a warwatse aka same shi? Italiya ta mamaye Libiya a 1911. Masu haƙar tarihi nata, Giacomo Guidi da Giacomo Caputo bayansa, su suka tono gutsattsarin, suka gano mazaunin kowanne, suka sake tayar da bangon a shekarun 1930. Aiki ne na gwaninta, ba mai musu. Sai dai a watan Maris na 1937 Musolini da kansa ya zauna a sahun gaba aka buɗe gidan da wani tsohon wasan Girkawa, don a nuna wa duniya cewa jikokin Rumawa ne suka dawo gidan kakanninsu. Wannan gwamnatin ce ta rataye Umar Mukhtar ranar 16 ga Satumba 1931, ta tsare dubban Libiyawa a sansanonin da yunwa da cuta suka kashe da yawansu. Ba na iya kallon hoton ginshiƙan nan ban tuna da wannan ba, kuma bai kamata a ba da labarin ɗaya a bar ɗayan ba.

Gidajen wasan Rumawa da suka fi tsira a duniya, amfani da aka same su da shi ne ya tsirar da su. Busra ta ƙasar Sham, garin da littattafan sira suka ce a nan malamin Kirista Bahira ya ga Manzon Allah (SAW) yana yaro cikin ayarin baffansa Abu Ɗalib, tana da gidan wasa na baƙin dutse mai ɗaukar kusan mutum 15,000. Sarakunan Musulmi, musamman Ayyubawa dangin Salahuddin, sun zagaye shi da ganuwa da hasumiyoyi suka mai da shi sansanin soja, suka yi gine-gine a cikinsa. Da aka kwashe waɗannan daga 1947 zuwa 1970 sai ga kujerun kusan yadda aka bar su. Na Aspendos a Turkiyya, sarakunan Saljuk ne suka gyara shi suka zauna a ciki. Na Orange a Faransa, mai bango tsawon mita 103 da tsayin mita 37, talakawa ne suka cika shi da gidaje har ƙarni na 19. Na Amman kuwa, mai ɗaukar 6,000, yana tsakiyar kasuwar birni, ana taro a cikinsa har yau.

Hukumar UNESCO ta sa Sabrata da Labda cikin kayan tarihin duniya a 1982. A 2016 ta mayar da su jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda yaƙin Libiya. A watan Satumba na 2017 ƙungiyoyi masu makamai suka gwabza a garin Sabrata, harsasai suka bar tabo a jikin gidan wasan.

Shin ko kun san wuri na farko a duk Najeriya da ya shiga wannan jeri na UNESCO a jiharmu ta Adamawa yake? Sukur ne, a ƙaramar hukumar Madagali, bisa duwatsun Mandara, a shekarar 1999, shekara shida kafin dajin Osun na Osogbo ya biyo baya. Can ma aikin dutse ne: fadar Hidi, sarkinsu, da katangunta da aka jera dutse bisa dutse ba siminti ba laka, hanyoyi shimfiɗe da falalen duwatsu daga gindin tsauni har sama, gonaki hawa-hawa a jikin dutse, rumbuna, da matoyar ƙarfe inda aka daɗe ana narka tama ana sayar wa maƙwabta. Bambancinsa da Sabrata shi ne ba kufai ba ne. Mutanensa na ciki, suna noma gonakin, suna taka hanyoyin, suna taruwa a filin ƙofar fada lokacin bukukuwansu. Yana damuna ƙwarai cewa ɗalibi zai gama sakandare a Yola ko Jimeta ya san sunan Kolosiyam daga fim, bai taɓa jin an ambaci Sukur a aji ba. A watan Disamba na 2014 'yan Boko Haram sun hau dutsen, suka ƙona gidaje da rumbuna, har da ɗakunan fadar Hidi. Jinka da katako sun ci wuta, katangun dutse suka tsaya, jama'a suka dawo suka sake yin rufi da hannunsu. A 2018 asusun kula da gine-ginen tarihi na duniya, mai hedikwata a New York, ya sa Sukur cikin wuraren da ke buƙatar agajin gaggawa.